Daga Gidan Rumfa zuwa Fadar Barsai: Yadda Sarki Ke Tara Iko

Jawabin da aka gabatar a taron tunawa da kafuwar ƙungiyarmu, a unguwar Sparkbrook, Birmingham. An ɗan gyara shi don bugawa a mujalla.

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Shugaban taro, malamanmu, iyayenmu da suka daɗe a wannan gari suka riƙe mu tamkar 'ya'yansu, shugabannin ƙungiya masu barin gado da masu jiran gado, 'yan uwana ɗalibai maza da mata, musamman waɗanda suka yi sammako daga Manchester, ina yi muku barka da zuwa.

An ce in yi magana a kan tarihi. Na san yawancin waɗanda ke zaune a nan injiniyanci suke karantawa, ko likitanci, ko kwamfuta, wasu kuma rabonsu da darasin tarihi tun aji uku na sakandare. To ku kwantar da hankalinku, tambaya ɗaya kawai na zo da ita. Ta yaya sarki, wanda da farko babban wa ne kawai a cikin sarakai 'yan uwansa, yake zama wanda ba mai iya ce masa a'a? Idan kuma ya kai can, me ke biyo baya?

Zan ɗauki gidajen sarauta biyu da ba su taɓa aika wa juna manzo ba, wato Kano da Faransa. Dalilina shi ne, a shekarar 1461 Luwis na 11 ya hau gadon Faransa, bayan shekara biyu, a 1463, Muhammadu Rumfa ya hau gadon Kano. Zamani ɗaya suka yi, kuma aiki kusan iri ɗaya suka sa a gaba. Labarin Kano zan ɗauko shi daga littafin Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, akwai kuma Hausarsa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Shekarun da za ku ji lissafin Palmer ne. Littafin ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello, ƙarshen ƙarni na 19, wato bayan jihadi aka kammala shi, don haka in ya zo maganar sarakunan Haɓe sai a karanta da lura.

Inda aka fara

A shekarar 987 manyan Faransa suka zaɓi Hugh Capet ya zama sarki. Sunan sarki dai yana da shi, amma ƙasar da yake iko da ita da gaske ba ta wuce kewayen Paris da Orléans ba. Wasu daga cikin hakimansa sun fi shi ƙasa, sun fi shi dawaki. Ku da kuke zaune a Ingila kun san abin da ya faru a 1066, lokacin da mai mulkin Normandi ya ƙetaro teku ya cinye wannan ƙasa. To shi wannan mutumin a ƙa'ida hakimin sarkin Faransa ne. Ka ga sarkin da hakiminsa ke da wata masarauta tasa a gefe, ai ba ya barci da ido biyu rufe.

A Kano ma haka abin ya faro. Lissafi ya sa zuwan Bagauda a 999. Shi da zuriyarsa sun tarar da mutanen Dala da nasu shugabanni da nasu abin bauta, kuma garuruwa irin su Gaya da Rano da Ƙaraye da Dutse kowanne yana da nasa sarki. Har a zamanin Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, littafin ya ce Galadima Dauda ne ya yi shekara 7 yana yaƙi a kudu, yana aiko da bayi, kuma ya kafa garuruwa 21 ya zuba bayi a cikinsu. Kada mu ɓoye wa kanmu, dukiyar wancan zamani mai yawa a kan bayi aka gina ta. Amma abin lura a nan shi ne, rundunar tana hannun Galadima, garuruwan ma shi ya kafa su. Sarki yana ci ne daga hannun wanda ya kamata ya ci daga nasa.

Daga wannan hali zuwa inda sarki zai yi gyaran murya gari ya yi tsit, an bi matakai. Na ƙirga huɗu.

Na farko: gida da kasuwa

Tarihin Kano ya lissafa wa Rumfa abubuwa 12 da ya fara, kuma na kan gaba shi ne ya gina sabuwar fada. Wannan Gidan Rumfa ne, wanda har yau shi ne fadar Kano. Ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Wani zai ce ai gine-gine ne kawai. A'a, siyasa ce tsantsa. Wanda ya tashi daga tsohuwar unguwa ya koma sabon gida ya fita daga idon tsofaffin gidaje, shi ke tsara wanda zai shiga da wanda zai tsaya a zaure. Wanda kuma ya kafa kasuwa a cikin ganuwarsa, duk fataken da suka ɗauko gishiri daga Azbin ko goro daga Gwanja ta ƙofarsa za su shigo.

Filib na 2 na Faransa, wanda ya yi mulki daga 1180 zuwa 1223, ya riga Rumfa yin irin wannan. A 1183 ya gina rumfunan babbar kasuwar Paris, daga baya ya kewaye birnin da ganuwa, ya gina sansanin Louvre, wurin da yau 'yan yawon buɗe ido ke bin layi don kallon zane-zane.

Da gida kuma sai kwarjini. Kakaki da figini da takalmin gashin jimina duk a zamanin Rumfa aka fara su a Kano. Kakaki yana gaya wa kowa cewa wanda ke tafe ba irin sauran masu rawani ba ne.

Na biyu: mutanen sarki

Wannan shi ne matakin da ya fi muhimmanci, ina roƙo ku riƙe shi. Ɗan sarki idan ka ba shi sarauta, gadonka yake hange. Hakimin da ya gaji ƙasarsa daga kakanni, in ka matsa masa sai ya koma garinsu ya rufe ƙofa. Don haka sarkin da ke son iko yakan nemi mutanen da ba su da kowa sai shi.

Rumfa ne ya fara ba babanni sarautu. Baba ba shi da ɗa da zai bar wa gado, bawan sarki kuma ba shi da dangin da za su tsaya masa. Ranar da sarki ya juya masa baya, shi ke nan. Sarakunan da suka biyo baya sun ƙara faɗaɗa wannan, har manyan sarautu irin na Wambai suka shiga hannun babanni.

Filib na 2 kuwa sai ya fito da wakilai masu albashi. Yana tura su larduna su yi shari'a su tara kuɗi da sunansa, yana sauya musu wurin aiki, kuma ba a gadon muƙamin. A ƙarni na 17, zamanin waziri Richelieu da bayansa, aka ƙarfafa wani sabon rukuni na jami'an larduna waɗanda takardar sarki ce kawai ta ɗora su, ita ce kuma za ta sauke su. Colbert, wanda ya riƙe wa Luwis na 14 harkar kuɗi, daga gidan 'yan kasuwa na garin Reims ya fito.

Sai dai shi ma yaron sarki yakan yi girma. A zamanin Muhammadu Nazaki, daga 1618 zuwa 1623, Wambai Giwa ya ƙasaita, ya yi yaƙi ya ci nasara, ya ƙara ganuwa, har aka fara jin tsoronsa, sai aka tuɓe shi a zamanin Kutumbi. A Faransa, a watan Agusta na 1661, ministan kuɗi Fouquet ya shirya wa Luwis na 14 wata gagarumar liyafa a katafaren gidan da ya gina. A watan Satumba aka kama shi, kuma a kurkuku ya ƙare rayuwarsa. Duk wanda ya taɓa aiki kusa da mai mulki zai gane abin da ya faru ba sai an yi masa bayani ba.

Na uku: haraji da runduna

A da, in sarkin Faransa zai fita yaƙi, sai ya roƙi hakimai su zo da dawakinsu, in kuma yana son kuɗi sai ya kira taro ya nema. Yaƙin shekara ɗari da suka yi da Ingila ya canza wannan. Daga 1439 Sharl na 7 ya mayar da harajin da ake ɗora wa talakawa na dindindin, yana karɓa kowace shekara ba tare da ya sake neman yardar kowa ba. A 1445 ya kafa rundunar dawaki mai albashi wadda ba a sallamar ta bayan yaƙi. Haraji na ciyar da runduna, runduna kuma na karɓo haraji. Luwis na 11 ya gaji wannan, ya ninka harajin, ya yi amfani da shi ya karya manyan hakimai, musamman na Burgundi.

A Kano, Kananeji, daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Kayan yaƙi ne masu tsada, sai mai dukiya ke iya ɗaura wa mahaya da yawa. Kutumbi, daga 1623 zuwa 1648, shi ya fara karɓar jangali daga Fulani. Babba Zaki kuma, daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Idan kana da dogarai masu bindiga da kuɗin ciyar da su, buƙatarka ga dawakin Madaki ta ragu.

Na huɗu: addini

Sarakunan Faransa a majami'ar Reims ake naɗa su, a shafa musu man da suke ɗauka mai tsarki ne. Luwis na 9 har waliyyi coci ta mayar da shi a 1297. Jikansa Filib na 4 ya yi rigima da Fafaroma a kan karɓar haraji daga malaman coci, har mutanensa suka kama Fafaroman a 1303. A 1516 kuma aka yi yarjejeniyar da ta ba sarki damar zaɓen manyan limaman ƙasarsa.

A wajenmu Wangarawa ne suka zo daga Mali a zamanin Yaji, tsakiyar ƙarni na 14, sarki ya karɓi salla. A zamanin Rumfa aka sare itacen da ake bautawa, aka fara sallar Idi a Shadakoko, kuma Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya sauka a Kano wajen 1492. Ya rubuta wa sarki ɗan littafi mai babi 8 a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Zuwan malami irin wannan ya ɗaga darajar Rumfa, domin yanzu ya zama sarkin Musulmi a ƙasarsa, wanda ikonsa ya wuce na gidaje da dangi.

Amma albarkar malam da sharaɗi ta zo. Gargaɗin da al-Maghili ya yi ta nanatawa a littafin nan shi ne kada sarki ya yarda a sa shamaki tsakaninsa da talakawansa. Ya ce ya zauna kullum inda mai rauni zai iya isa gare shi, ya binciki ma'aikatansa, ya karɓi dukiya ta halal kawai. Malamin ya ga sabuwar fada da zaurukanta da babanninta, ya kuma gane inda hatsarin yake.

Masu cewa a'a

Wani abu da Rumfa ya kafa, wanda ba a cika ambatonsa kamar kakaki ba, shi ne Tara ta Kano. Majalisa ce ta manyan masu sarauta tara, irin su Galadima da Madaki da Wambai da Makama. Su ke shawara da sarki, kuma suna da hannu a naɗin sabo. Har sauke sarki an yi. A 1652 Madawaki Kuma ya tuɓe Kukuna ya ɗora Soyaki, sai dai bayan wata uku Kukuna ya ƙwato gadonsa.

Faransa tana da nata biyu. Akwai babban taron rukunai uku, wato malaman coci da masu sarauta da sauran jama'a, wanda Filib na 4 ya fara kira a 1302. Akwai kuma babbar kotun Paris, wadda sai ta shigar da dokar sarki a rajista kafin ta fara aiki, kuma tana da damar mayar masa da ita da ƙorafi.

Ba dimokuraɗiyya ba ce, ko kusa. Manomin Dawakin Kudu ba shi da kujera a Tara ta Kano, kuma alƙalan Paris sau da yawa gatansu suke karewa. Amma dai akwai ɗakin da ake iya gaya wa sarki cewa wannan ba zai yiwu ba, kuma dole ya saurara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in dai akwai mai nuna masa.

To, a nan ne labarin ya juya. Matakan nan huɗu da na lissafa, kowanne yana rage buƙatar sarki ga wannan ɗaki. A Faransa an kira taron rukunai uku a 1614, ba a sake kira ba sai 1789, shekara 175 ke nan. Luwis na 14 yana yaro ya ga tawayen manya da alƙalai daga 1648 zuwa 1653, bai kuma manta ba. A 1661 ya ce zai yi mulki ba waziri. A 1673 ya umarci kotu ta riƙa shigar da doka tukuna, in tana da ƙorafi ta kawo daga baya. A 1682 ya kwashe fada daga Paris ya koma Barsai. Jikokin hakiman da a da suke fita da runduna sai ga su suna takarar wanda zai miƙa wa sarki riga da safe.

Ku duba abin da ya biyo baya. A 1685 ya soke dokar da ta ba Kiristoci 'yan Furotesta 'yancin addini, wajen mutum dubu 200 suka gudu, da yawansu masu sana'a ne da 'yan kasuwa, wasu nan Ingila suka zo. A 1707 Vauban, babban injiniyan yaƙinsa, wanda ya zaga ƙasar ya ga talaucin mutane da idonsa, ya fitar da littafi yana ba da shawarar a yi haraji ɗaya da kowa zai biya, har da masu sarauta. Aka haramta littafin, kuma a wannan shekarar Vauban ya rasu.

A daidai wannan lokaci Muhammadu Sharefa ke mulkin Kano, daga 1703 zuwa 1731. A zamaninsa kuɗin wuri ya shigo ƙasar Hausa, karɓar haraji ya ƙara sauƙi. Tarihin Kano ya lissafa masa sababbin hanyoyin karɓar kuɗi guda 7, har da harajin 'yan mata in za su yi aure da na Kasuwar Kurmi. Ɗansa Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, ya tsananta wa Kurmi har kasuwar ta kusa mutuwa, ya ɗora wa malamai ma haraji. Larabawa suka tattara suka koma Katsina, talakawa da yawa suka gudu ƙauye. Kasuwar da Rumfa ya kafa don ta jawo fatake, jikokinsa suka kore su daga cikinta. Babba Zaki mai 'yan bindiga kuwa, littafin ya ce ya danne masu sarauta da manyan bayi, yana ƙwace musu dukiya. Wa zai tashi a majalisa ya ce masa a'a?

Ƙarshen gidajen biyu bai yi nisa da juna ba. Bashi ya ci gwamnatin Faransa, musamman bayan ta taimaki Amurka a yaƙin neman 'yanci, ga kuma damina ta ƙi a 1788. Da Luwis na 16 ya rasa mafita ya kira taron rukunai uku a watan Mayu na 1789, sai kukan shekara 175 ya fito a lokaci guda. Ranar 21 ga Janairu, 1793, aka sare masa kai. Bayan shekara 14, wajen 1807, Muhammadu Alwali ya sha kashi a hannun masu jihadi a Ɗanyaya, ya gudu, aka cim masa a Burumburum.

Ban ce haraji kaɗai ya kawo jihadi ba. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Gobir ya fara a 1804, kuma tushensa gyaran addini ne. Amma a Kitabul Farƙi, cikin abubuwan da aka kama sarakunan Haɓe da su akwai jangali da kuɗin gari da gaisuwa da ƙwacen kaya a kasuwa. Ranar da wuta ta taso, makiyayi da malami da ɗan kasuwa kowanne yana da tsohon ciwo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Nan inda muke zaune

Wannan unguwa ma ta ɗanɗana rigimar. A nan Sparkbrook, a wani gida da ake kira Fair Hill, Joseph Priestley ya zauna, masanin kimiyyar da ake ambata in ana maganar gano iskar oksijin. Yana cikin masu goyon bayan juyin juya halin Faransa. Ranar 14 ga Yuli, 1791, wasu mutane suka yi walima a wani otal a cikin gari don tunawa da cika shekara biyu da faɗuwar kurkukun Bastil. Shi bai ma je ba. Amma a daren nan gungun jama'a masu kirarin coci da sarki suka afka wa gidansa, suka lalata littattafansa da ɗakin gwaje-gwajensa. An yi kwanaki ana ƙone-ƙone a Birmingham. A 1794 ya bar ƙasar ya koma Amurka. Titin Priestley da wasunku suka biyo yau sunansa ya ci.

Waɗanda suka yi ɓarnar ba 'ya'yan sarauta ba ne, talakawa ne. Duk wanda zai koma gida da niyyar gaya wa masu mulki gaskiya, kada ya ɗauka tafi zai tarar a bakin tasha.

Ita Ingila wata hanya ta bi. A can Camp Hill, taku kaɗan daga nan, dawakin Yarima Rupert suka afka wa Birmingham a watan Afrilu na 1643, lokacin yaƙin sarki da majalisa. A 1649 aka sare kan Sarki Sharl na 1. A 1689 aka rubuta cewa sarki ba zai karɓi haraji ba sai da yardar majalisa. Sarautar da aka ɗaure wa hannu tana nan har yau, hoton mai ita yana kan kuɗin da ke aljihunku. Wadda ta kwance kanta daga kowane ɗauri ta dawo na ɗan lokaci bayan Napoliyon, amma daga 1848 ba ta ƙara hawa ba.

Ina ikon ya koma?

Jihadi bai kashe matakan nan ba. Ibrahim Dabo, daga 1819 zuwa 1846, da tawaye ya yi masa yawa, sai ya nemi izinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya dawo da tsofaffin sarautu. A Gidan Rumfa ya zauna, kuma bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suka sake yin ƙarfi. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ɗora tsarin En'e a kan sarki, da baitulmali da 'yan doka da kotu da gidan yari. A fuskar talaka ikon sarki ya ƙaru, amma wanda yake tsoro yanzu Razdan ne, ba majalisarsa ba. Wannan ne ya haifi NEPU a Kano a 1950. A 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta sa Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya ya yi murabus ya koma Azare. Daga ƙarshen shekarun 1960 soja suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kammala sauran.

Abin da ya faru kwanan nan kun fi ni sani. A 2019 aka yi dokar da ta ƙara masarautu huɗu, Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano. A watan Maris na 2020 aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi na biyu. A watan Mayu na 2024 aka soke dokar aka mayar da shi. Na san a ɗakin nan akwai masoyan kowane ɓangare, kuma ban zo in raba muku gardama ba. Abu ɗaya nake so ku lura da shi. Dokar farko da ta biyun duk cikin 'yan kwanaki suka ratsa majalisar dokoki, kuma kowacce ta fito daidai da abin da gwamna mai ci yake so.

Ikon ya tashi daga Gidan Rumfa ya koma Gidan Gwamnati, kuma da kayan aikinsa ya tafi. Akwai sabuwar fada. Akwai muƙarraban da ba su da kowa sai mai gida. Akwai malaman da ake gayyata su yi addu'a, jiniya kuma ta gaji kakaki. Wannan ba a Kano kaɗai ba ne. Wani wuri ma gwamnan yau ya fi Kumbari sakewa. Shi Kumbari daga aljihun 'yan Kurmi yake ci, da ya matsa suka tashi, ya ji a jikinsa. Wanda kasonsa ke zuwa daga Abuja ƙarshen kowane wata, ko kasuwa ta mutu albashin fadawansa na nan.

Namu rabon

'Yan uwa, cikin shekara goma ko ashirin wasu daga cikinku za su zama kwamishinoni, wasu shugabannin jami'a ko asibiti, wataƙila ma gwamna yana zaune a nan yana duba wayarsa. Kowannenku zai so ya kawo mutanensa, kuma zai ga kwamiti yana ɓata masa lokaci. Sau da yawa ma gaskiyarsa ce. Rumfa da Filib na 2 sun gina ƙasa, ba don sun tara iko ba da ba a yi Kurmi ba. Tara iko don a yi aiki ba laifi ba ne. Hatsarin yana ranar da ka duba majalisarka ka ga ba wanda zai iya musa maka ya kwana da muƙaminsa.

Kuma ba sai an zama gwamna ake koyon wannan ba, a irin wannan ƙungiya ake fara shi. Don haka ina roƙon shugabanni masu shigowa, ku bar mai binciken kuɗi ya zama wanda ba ku kuka zaɓo shi ba. Ku karanta lissafin kuɗi a gaban taro ko da fam 300 ne kawai a asusu. Kada a ɗage babban taron shekara don ana tsoron surutu, domin surutun da aka ɗage taruwa yake yi. Wanda ya tashi ya ce bai yarda ba, kada a cire shi daga zauren WhatsApp. In wa'adi ya cika a sauka, kamar yadda masu barin gado suke yi yau, Allah ya saka musu da alheri. Mu kuma mabiya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A faɗa da ladabi, amma a faɗa.

Waɗanda ke Jami'ar Birmingham, a makarantarku John Fage ya kafa cibiyar nazarin Afirka ta Yamma a 1963. Ku shiga laburare ku nemi littafin M. G. Smith a kan mulkin Kano, da na Murray Last a kan daular Sakkwato, da na Yusufu Bala Usman a kan Katsina. Ku karanta, ku yi musu da su, ku yi musu da ni.

Allah ya ba shugabanninmu masu gaya musu gaskiya, ya ba su kunnen ji. Allah ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema, ya mayar da mu gida lafiya. 'Yan Manchester, Allah ya kiyaye hanya.